Kwashe bidiyon biki daga faifan DVD zuwa kwamfuta don a iya yanka shi

A Ringim da Gumel da Gaya da Rano da ƙauyukan da ke kewaye da su, gidaje da yawa suna da faifan DVD na biki ko saukar Alƙur'ani ko naɗin sarauta a ajiye cikin akwati, wani ma a cikin kwalla tare da takardun gona. Na'urar kallonsa ta daɗe da mutuwa, mai kyamarar da ya ɗauka ya bar sana'ar ko ya goge nasa kwafin. Abin da ake nema yanzu bai wuce a ciro minti uku inda marigayi Baba yake sa albarka ba, a tura wa 'yan'uwa a waya. Tsohuwar laftof ta isa wannan aiki. Sai dai aikin hawa biyu ne, kuma mai gaggawar da ya haɗe su shi ke asarar faifai. Hawa na farko a kwafe abin da ke kan faifan yadda yake, ba a canja komai ba. Daga wannan kwafin ne ake fitar da fayil ɗin editin, faifan kuma ya koma gidansa.

Juya faifan ka duba cikinsa. In ka ga launin shunayya, DVD-R ne ko DVD+R, irin wanda ake bugawa a shago. Hoton yana rubuce ne a kan wani siririn rini da ke tsakanin roba biyu, kowace kaurinta milimita 0.6, kuma zafi da hasken rana suna cin wannan rini a hankali. Faifan da ya yi bazara goma a ɗakin kwano, yana iya karantuwa yau, gobe ya ƙi. Shi ya sa ba a ɗora manhajar juya bidiyo kai tsaye a kansa ta yi awa biyu tana juya shi cikin zafi. A karanta shi sau ɗaya, da sauri, a gama.

Laftof ɗin yanzu ba sa zuwa da wurin sa faifai, don haka sai an nemi na waje mai USB, ana samu a Beirut Road ko Farm Centre a Kano. Waɗannan siraran suna da jan wuta. In ka ji faifan ya fara juyawa ya tsaya, ya sake farawa ya tsaya, yawanci ba faifan ba ne, ramin USB ɗin ne bai ba da isasshiyar wuta ba. Sa laftof ɗin a caji, ka cire duk wani abu da ke jone, in igiyar mai kai biyu ce ka soka duka biyun. Wanda yake da tsohuwar kwamfutar tebur mai babban diraif, wato wurin sa faifai, a jiki ya fi kowa sa'a, don waɗannan sun fi haƙuri da faifai mai ƙarzuwa.

Kafin a sa, a goge. Ƙyallen auduga mai laushi da ruwa kaɗan, in akwai maiƙo a ɗiga sabulun ruwa, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai. Ana gogewa daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe, ba zagaye ba. Bayanan suna tafiya ne a zagaye, to ƙarzuwar da ta ratsa su a gicciye na'ura tana iya cike gurbinta, wadda ta bi layin kuwa tana shafe dogon wuri gaba ɗaya. Lokacin hunturu kada a goge shi a bushe, ƙurar nan yashi ce. Maganar goga man goge baki kuma, ban ba da shawara ba sai an riga an kwashe duk abin da zai kwasu.

Da ka buɗe faifan za ka ga folda mai suna VIDEO_TS. A ciki akwai fayil iri uku. Masu ƙarewa da IFO taswira ce, su ke gaya wa na'ura inda kowane babi ya fara da fasalin hoton. BUP kwafinsu ne na ko-ta-kwana. Hoto da sauti suna cikin VOB. Za ka ga VTS_01_1.VOB, VTS_01_2.VOB, haka har ƙarshe, kowane bai wuce giga 1 ba, don ƙa'idar DVD ce ta yanka su a nan, ba wai biki ne ya kasu haka ba. Wanda ya ƙare da sifiri, VTS_01_0.VOB, allon zaɓi ne mai furanni da sunan ango da amarya. Ja foldar gaba ɗayanta zuwa kwamfuta, har da IFO ɗin, kada ka tsinci VOB kaɗai. Faifai mai hawa ɗaya giga 4.7 yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5. Lafiyayyen faifai yakan kwafu cikin minti goma sha biyar zuwa rabin awa. Wanda yake so ya adana shi dunƙule guda yana iya yin ISO da manhajar ImgBurn.

In kwafin ya tsaya ya rubuto kuskure mai ɗauke da kalmomin cyclic redundancy check, an iso wurin da ya lalace. DVD daga ciki yake farawa ya yi waje, kuma baki ne ya fi shan hannu da ƙarzuwa, shi ya sa yawanci ƙarshen biki ne yake ƙin fita, wato VOB na ƙarshe. Kwafe lafiyayyun ɗaya bayan ɗaya tukuna. Sannan gwada wani diraif ɗin, don abin da wannan ya kasa wancan yakan karanta. In duk sun ƙi, maganin shi ne ddrescue, manhaja ce ta kyauta a Linux, ana iya tayar da Ubuntu, wani nau'in Linux, daga filas ba tare da an taɓa Windows ba. Umarnin shi ne:

ddrescue -b 2048 -n /dev/sr0 biki.iso biki.map

Wannan zai kwashe duk inda ke da sauƙi ya tsallake wurin ciwo. Sai a maimaita, a cire -n a sa -r3, ya koma wa wuraren da ya tsallake sau uku. Fayil ɗin map ɗin nan yana riƙe da lissafin inda aka tsaya, ko wuta ta ɗauke daga nan za a ci gaba, har ma ana iya canja diraif a ɗora. Inda ya ɓace gaba ɗaya hoton zai ɗan farfashe na daƙiƙa kaɗan ya wuce, wanda ya fi a rasa rabin awa.

Akwai wani faifan da kwamfuta za ta ce babu komai a kansa, har ta tambaye ka ko ta shirya shi don rubutu. Kada ka yarda. Duba cikinsa a haske, in ka ga zoben da launinsa ya bambanta daga tsakiya, akwai rubutu. Ba a rufe shi ba ne. Wannan ya fi faruwa da ƙananan fayafayan nan na santimita 8 da ake sawa cikin kyamara kai tsaye, masu giga 1.4, da waɗanda aka ɗauka da rikodar DVD ta tebur. Sai an mayar da shi cikin kyamarar da ta ɗauka ko irinta, an zaɓi Finalize, kyamarar tana jone da wuta, don in batir ya mutu ana cikin rufewa an gama da faifan. In babu kyamarar, IsoBuster yana iya ciro hoton, amma wannan ɓangaren nasa na kuɗi ne. Wani kuma za ka ga folda DVD_RTAV da fayil VR_MOVIE.VRO maimakon VIDEO_TS. Shi ma MPEG-2 ne a ciki, irin bidiyon da ke cikin VOB, a kwafe shi haka.

In kuwa foldar MPEGAV ka gani da AVSEQ01.DAT, VCD ne ba DVD ba, ko da mai shago ya rubuta DVD a jiki. Hotonsa 352 ne a 288, babu dabarar da za ta ƙara masa kyau. Shi CD bayanansa a ƙarƙashin fentin sama suke, ƙarzuwar saman ta fi ta ƙasa illa, kada a yi masa rubutu da biro.

To, an samu kwafi. Windows 10 da 11 ba sa zuwa da abin kunna DVD, don haka in ka danna VOB ya ƙi buɗewa ba lalacewa ya yi ba, sa VLC. Kalli farko da tsakiya da ƙarshe ka tabbatar. Daga nan kada a sake taɓa wannan folda da gyara, ita ce uwa.

Mutane da yawa suna canja sunan VOB zuwa MPG su jefa cikin manhajar editin. Yakan yi aiki, amma da matsala biyu. Yankan giga 1 ɗin nan a tsakiyar firem, wato hoto guda daga jerin hotunan bidiyo, yake faɗawa, to a kowace mahaɗa sai hoto ya yi tsalle, sauti ya ɗan yanke. Gara a ɗinke su tukuna. A Windows, buɗe Command Prompt a cikin foldar ka rubuta:

copy /b VTS_01_1.VOB+VTS_01_2.VOB+VTS_01_3.VOB hade.mpg

Kada a manta da /b, kuma kada a sa mai sifiri. MakeMKV ma yana yin wannan ɗinki, yana bin taswirar IFO ya fitar da MKV guda ba tare da ya rage ingancin komai ba. Matsala ta biyu ita ce agogon cikin fayil. Duk inda mai ɗauka ya tsayar da rikoda ya sake kunnawa, lissafin lokaci yana iya komawa sifiri, sai ka ga bidiyon awa ɗaya manhaja tana cewa minti tara ne, ko baki ya riga magana. Za mu zo kan maganinsa.

In buƙatar ita ce a ciro wani yanki kawai, ba rubutu ba kiɗa, babu dalilin juya komai. A manhajar Avidemux, a bar Video Output da Audio Output a kan Copy, a sa alamar A a farko da B a ƙarshe, a adana. Daƙiƙu kaɗan ne, ingancin kuma yana nan yadda yake. Sharaɗin shi ne yankan ya faɗa kan cikakken firem, wanda a DVD irin namu yake zuwa aƙalla sau ɗaya a kowane firem 15, wato kusan rabin daƙiƙa. Maɓallan kibiyar sama da ƙasa su ke tsalle daga wannan zuwa wancan.

Editin na sosai, a Shotcut ko Kdenlive ko a waya da CapCut ko KineMaster, shi ke buƙatar MP4 mai H.264 da sauti AAC. HandBrake ne ya fi sauƙi kuma kyauta ne. Mai Windows 7 ya nemi 1.3.3, daga 1.4 sai Windows 10, mai tsohuwar kwamfuta 32-bit kuma 1.0.7 ne iyakarsa. A nuna masa foldar VIDEO_TS da ke kan kwamfuta. A duba jerin Title, don sau da yawa mai shago ya raba kamu daban, ɗaurin aure daban, walima daban, shi kuma HandBrake mafi tsawo kawai yake zaɓa. Kowane sai an sa shi a layi.

A nan ne yawancin aikin shago yake lalacewa, a kan abu uku.

Na farko layi-layi. Nijeriya tsarin PAL take bi, hoto 720 a 576, firem 25 a daƙiƙa. Amma kyamarorin wancan lokaci ba cikakken hoto suke ɗauka ba, rabi-rabi suke ɗauka sau 50 a daƙiƙa, layukan mara a wannan karon, na cika a karo na gaba, tsohuwar talabijin mai ƙeya kuma haka take nunawa. Allon waya da na laftof suna haɗa rabi biyun su nuna lokaci guda. Mutumin da ke zaune ba za ka ga komai a jikinsa ba. Amma tsayar da hoton inda makaɗi ya ɗaga hannu, ko doki ya zaburo a hawan sallah, za ka ga gefen hannun ya tsattsage kamar haƙoran mataji. A shafin Filters na HandBrake, a sa Deinterlace a kan Bwdif in akwai, in babu Yadif. Don kallo a waya, firem 25 ya isa. In akwai rawa ko sukuwa kuma ana son motsin ya zauna sumul yadda yake a talabijin, a zaɓi Bob a ƙarƙashinsa, a kai Framerate 50. Dole a yi wannan kafin a canja girman hoto. In aka rage ko aka ƙara girma da layukan a ciki, sun zama tabo na dindindin, ba matatar da za ta cire su.

Wani lokacin bayan an yi Bob sai motsi ya riƙa karkarwa, gaba kaɗan baya kaɗan. Jerin rabin ne ya juye. Kyamarar kaset ɗin MiniDV da layin ƙasa take farawa, DVD kuma galibi da na sama, to in wanda ya buga faifan bai daidaita ba alamar da ke jiki ƙarya take faɗa. Manhajar MediaInfo za ta nuna abin da aka rubuta a Scan order, sai a tilasta akasinsa.

Na biyu fasali. Ɗigon hoton DVD ba murabba'i ba ne. Wannan 720 a 576 ɗin shi ake miƙewa ya zama 4:3 ko 16:9, gwargwadon alamar da ke cikin faifan. Manhajar da ba ta karanta alamar ba sai ta fito da amarya siririya doguwa, ko kuma kowa ya yi faɗi. Hanyar da ba ta ba da kunya ita ce a fitar da shi da ɗigo murabba'i tun daga nan: 768 a 576 in 4:3 ne, 1024 a 576 in 16:9 ne, Anamorphic a kan None. Gwajin mai sauƙi ne, nemi faranti ko tayar mota ko agogon bango a cikin hoton ka ga ko da'ira ce. A duba Cropping ma, don na atomatik yana ruɗewa da bikin dare, ya ɗauki duhu a matsayin baƙin gefe ya yanke. In asalin daga kaset ɗin VHS aka juyo, akwai 'yan layuka masu rawa a can ƙasa, a yanke takwas ko goma da hannu.

Kai shi 1080 kuwa ɓata wuri ne. Ɗigon DVD 414,720 ne, na 1080 ya ninka shi sau biyar cif, kuma huɗun nan ƙirƙira ce, ba daga kyamara suka zo ba. Mai shagon da ya ce zai mayar maka da shi HD girman fayil kawai ya ƙara.

Na uku sauti. A shafin Video a zaɓi Constant Framerate, kada a bar shi a Peak ko Variable, in ba haka ba a manhajar editin sauti zai riƙa zamewa kaɗan-kaɗan har ya zama a ƙarshen awa maroƙi ya rufe baki ana jin kirarinsa. Sautin DVD yawanci AC-3 ne ko MP2, a kan 48 kHz. A mayar da shi AAC 160 ko 192, a bar 48 ɗin yadda yake. Barin sa AC-3 shi ke jawo a buɗe fayil a ga hoto babu murya, musamman da yake sabon girkin Windows 11 daga 24H2 ba ya zuwa da abin karanta shi.

Inganci kuma, a sa lambarsa, wato RF, a kan 18 in za a yi editin a kai, don za a sake matse shi wajen fitarwa, kowace matsa kuma tana cin wani abu. In na kallo ne kawai, 20 zuwa 22. Ƙaramar lamba ita ce babban fayil. Bikin dare da aka ɗauka da fitilar janareta ya fi na rana cin wuri nesa ba kusa ba, saboda tsakin da ke cikin duhun nan shi ma manhaja hoto take ɗaukarsa. Denoise a kan NLMeans Light yana rage shi, amma yana ninka lokacin aiki, in aka matsa masa kuma fuska ta koma kamar roba, aikin hula da na babbar riga ya shafe.

Mai iya rubuta umarni, ffmpeg yana yin duk wannan a layi ɗaya, har da gyaran agogon da ya rikice:

ffmpeg -fflags +genpts -i hade.mpg -vf "bwdif=1,scale=768:576,setsar=1" -c:v libx264 -crf 18 -g 25 -pix_fmt yuv420p -af aresample=async=1 -c:a aac -b:a 192k biki.mp4

Wannan layin na 4:3 ne, in 16:9 ne a mayar da 768 ya zama 1024. Shi kuma -g 25 ɗin yana sa cikakken firem ya riƙa zuwa akai-akai, sai jan bidiyo gaba da baya ya yi wa tsohuwar kwamfuta sauƙi. In jerin rabin ne ya juye, a rubuta bwdif=1:1 don farawa da ƙasa, ko bwdif=1:0 don sama.

Kafin a saki aikin awa biyu, a gwada minti ɗaya daga wurin da ake motsi. A HandBrake ana canja Range zuwa Seconds. Da wannan ɗin kuma ake raba dogon biki gida-gida, abin da ke da muhimmanci a inda wuta ba ta da tabbas. MP4 sai a ƙarshe yake rubuta taswirarsa, in kwamfuta ta mutu saura minti ɗaya a gama, fayil ɗin ba zai buɗe ba sam. MKV yakan buɗe har inda aka tsaya. Laftof mai Core i5 takan cinye awa ɗaya na bidiyo cikin rabin awa zuwa awa, Core 2 Duo ta fi haka, kuma duk tsawon lokacin injin a ƙure yake, batirin da ke kai awa uku a rubutu ba zai kai rabin haka ba. Mai sola ya fara da hantsi. A ɗora laftof ɗin a kan bulo biyu ko wani abu da iska za ta ratsa ƙasansa, ba a kan katifa ko darduma ba, don in ta yi zafi da kanta take rage gudu, wani lokacin ta kashe kanta.

Wajen turawa, WhatsApp yana sake matse duk bidiyon da aka tura ta hanyar hoto. In editin za a yi a waya, a tura da igiya ko Xender, ko a aika shi a matsayin Document, wanda ke ɗaukar har giga 2 ba tare da an taɓa shi ba.

Duk wannan bayani a kan faifan gida ne. Fim ɗin kasuwa haƙƙin masu shi ne, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta hana kwafarsa a raba, kuma kowa ya san abin da satar fasaha ta yi wa kasuwar finafinan Hausa. Faifan gidan ma yana da nasa haƙƙin. Bidiyon kamu da na cikin gida mata ne a sake, da yawansu yanzu matan aure ne da 'ya'ya, ba su yi rawar nan don TikTok ba. Wannan ma yana cikin dalilin da ya sa yin aikin a gida ya fi a bar faifan a shagon masu tura finafinai ya kwana. Wanda aka ba shi aikin wani, in ya miƙa ya goge nasa har cikin kwandon shara, a gaban mai shi in da hali.

Wurin ajiya: filas da yawa suna zuwa a tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, shi ya sa ISO ko hade.mpg yake ƙin shiga alhali akwai wuri. A mayar da shi exFAT, amma a sani wasu tsofaffin talabijin masu ramin USB FAT32 kaɗai suke gani, irinsu sai a ba su MP4 da bai kai giga 4 ba. A ajiye uwar foldar da MP4 ɗin a wuri biyu, ɗaya a wani gidan, da suna mai ma'ana, shekara da gari da taron, ba Title 1 ba. Filas da memori na bogi sun cika kasuwa, za a rubuta giga 64 alhali takwas ne a ciki. Zai karɓi fayil ya nuna sunansa da girmansa daidai, sai ranar buɗewa a tarar babu komai. Kafin a zuba masa biki, a gwada shi da H2testw yana fanko. Manhajar tana cika shi taf sannan ta karanta abin da ta rubuta, babban filas yakan ci awa ɗaya ko fiye, in akwai ƙarya za ta faɗi ainihin gigan da ke ciki.